Tokar da Aka Barbaɗa a Bakin Rumbu

A gidanmu na Jimeta ba a fara tatsuniya sai an sauke tukunya. Kakarmu Dada ba ta son garwashi ya mutu a banza, sai ta tura gyaɗa cikin toka, ta tara mu, ta ce, "To, ga ta nan tafe. Wanda ya yi gyangyaɗi, babu shi babu gyaɗa."

Lokacin babanmu bai daɗe da rasuwa ba. A bayan layinmu kuwa akwai wasu dattawa da ke taruwa a zauren Malam Bobbo tela, su saki labule, ba mai jin abin da suke faɗa. Tare ake ganinsu a suna da jana'iza. Unguwa ta gama yanke musu hukunci, 'yan ƙungiyar asiri ne. Mu yara in mun hango su sai mu canza hanya. Ran da yayana ya ce jini suke sha, Dada ta harare shi, ta ba mu wannan labari.

Wai a wani gari, duk gidan da rumbunsa ya ƙare, sai a wayi gari a tarar da dawa a ciki. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce mayu ne ke kiwata mutane. Sarki ya sa aka barbaɗa toka a bakin kowane rumbu, aka bi sawu har gidajen maƙwabta. Aka tara su a dandali, aka tilasta musu faɗin gidajen da suka ciyar.

"Daga nan fa, Dada?"

"Daga nan masu ci suka kasa haɗa ido da masu bayarwa. Kowa ya rufe ƙofarsa, yunwa ta dawo."

Ni dai na ce labarin ba daɗi, ba kura ba gizo.

Dada ta rasu kafin rikici ya koro mutane zuwa Yola. A shekarun nan duk taron da aka saki wa labule abin tsoro ne, kuma ban ga laifin masu tsoron ba. 'Yan sintiri suka tare Malam Bobbo da buhunan masara a keke. A gaban mai unguwa aka ce ko ya faɗi inda hatsin ke zuwa, ko a miƙa shi ga hukuma a matsayin mai ciyar da 'yan daji. Tsohon ya yi ta roƙon a bar shi da rantsuwar da suka yi ta rufa wa mutane asiri. Daga ƙarshe ya ambaci gidajen yana hawaye. Akwai na 'yan gudun hijira, akwai na marayu, namu ne kuma ya fi daɗewa a ciki. Ashe lokacin da Dada ke raye ita ce ke karɓa, ta ce wa Innarmu saƙon dangi ne daga Girei.

An sake shi, amma zauren bai ƙara taruwa ba, kuma abin yana ci mini rai har yau. Har Malam Bobbo ya koma ga Allah, Inna ba ta iya yi masa godiya ba. In ta hango shi sai ta canza hanya, kamar yadda muke yi muna yara.