Matar da ke Ƙwace Filo

Ƙarfe bakwai saura kwata take buɗe ɗakin gashin ƙashi, can ƙarshen asibiti bayan wurin wanki, inda manyan baƙi masu zuwa duba aiki ba sa kaiwa saboda tausayin takalmansu. Ta kunna fanka, ta goge gadaje ukun da ke ɗakin, ta leƙa firji ta ga ko ƙanƙara ta kama. Ta naɗe tawul shida ta jera. Ta ɗauko ma'auninta na roba, mai kama da almakashin da ba ya yanka, wanda take gwada lanƙwasuwar gwiwa da shi, ta jefa a aljihu. Sannan ta zauna jiran mutanen da suka tashi da addu'ar Allah Ya sa yau ba ta zo ba.

Shekara talatin da ɗaya addu'ar ba ta karɓu ba. Sai ƙarshen watan jiya, da ta yi ritaya.

A takarda, mataimakiyar mai gashi ce. Mai gashin da take taimaka wa an yi masa canjin wurin aiki shekara tara da suka wuce, ba a turo wani ba, don haka tun daga lokacin kujerarsa take taimaka wa. Ma'aikata na ce mata Yaya. Marasa lafiya kuwa Lanƙwasa suke kiranta in tana kusa. In ta ba da baya suna da wasu sunayen da ba su dace da jarida ba.

Ga yadda abin yake. In mutum ya tsinka jijiyoyin da ke riƙe gwiwa, likitan tiyata ya shiga ya gyara cikin awa uku ko huɗu, ya fito ya wanke hannu, dangi su yi masa rumfa da addu'a. Amma gwiwar da aka yi wa aiki kamar kwaɓaɓɓen siminti take: in aka ƙyale ta, a yadda aka ajiye ta za ta daskare. Dole kullum a samu wanda zai kama ta ya miƙar, ya lanƙwasa, ya wuce inda mai ita ya rantse cewa ya isa. Likita na yin nasa aikin mutum na barci. Ita tana yin nata mutum ido biyu. Shi ya sa yara huɗu da aka sani suke amsa sunan likitan, ita kuwa ko akuya ba a taɓa raɗa wa sunanta ba.

Babban abokin gabarta ba ciwo ba ne, filo ne. Gwiwa mai ciwo tana son a ɗan tanƙwara ta a cusa mata wani abu mai laushi a ƙasa, nan da nan zugi ya lafa. Uwa ta sani, mata ta sani, duk mai ƙaunar majinyaci ya sani. Abin da ba su sani ba, gwiwar da ta saba kwana a kan filo ba ta ƙara miƙewa, mai ita zai yi ɗingishi har ya bar duniya. Saboda haka Yaya ba ta wa'azi a kan filo. Ƙwacewa take yi. Akwai kabad a bayan ƙofa, kuma mai sharar ɗakin, wadda suka yi shekara ashirin tare, ta ce ta taɓa ƙirgawa ta samu arba'in da uku, har da mai adon zuciya da aka yi wa ɗinkin hannu.

Mutum na ƙarshe da ya ci mata rai wani mai sa tayil ne, magidanci, 'ya'yansa huɗu. Ya zamo daga matattakalar wani bene da ake ginawa, kwalin tayil a kafaɗa, ƙafar ta tsaya a gabas jikin ya yi yamma. Jijiya uku cikin huɗu suka tsinke. Likita ya duba hoto bayan tiyata ya ce aiki ya yi kyau, ya kuwa yi kyau, a hoto.

Ranar da aka turo shi ɗakin gashi a keken guragu, matarsa na biye da jaka, tambaya ɗaya ya yi.

"Baba, zan sake durƙusawa?"

"Mutane tafiya suke tambaya."

"Ni a durƙushe nake cin abinci. Tun ina shekara goma sha biyar ban taɓa yin aiki a tsaye ba."

Yaya ta dubi gwiwar, ta kumbura kamar tulu, ta dubi ɗayar, mai kanta kamar tafin raƙumi. Ta san lissafin. Tafiya na buƙatar kaɗan. Hawa bene, digiri casa'in da wani abu. Durƙuso na yini guda kuwa sai gwiwa ta kai digiri ɗari da talatin ko fiye, kuma bayan jijiya uku ba kowa ke ganin wannan lamba ba.

"Zan yi nawa," ta ce. "Kai ma ka yi naka. Za ka zage ni, na yafe tun yanzu, don kada mu ɓata lokaci daga baya."

A mako na uku ta shimfiɗe ƙafar ta tura hannu ƙarƙashin gwiwa. Yatsu uku suka shige ba tare da sun nemi izini ba.

"Wa ke sa maka filo?"

"Ba kowa."

Ta juya ga matar. Matar ta ɗaga kai tana nazarin fanka, kamar ranar ta fara ganin irinta.

"'Yata, gobe ki zo min da shi."

Washegari matar ta kawo filo. Yaya ta karɓa ta shinshina.

"Wannan warin kanti yake yi. Wanda yake kwana a kai na ce."

Nan matar ta fashe. "Haba Baba! Ba kya jin yadda yake nishi ne? Mutum ba ya iya rintsawa, ɗan abin da zai ba shi sauƙi ma sai kin raba shi da shi? Wallahi ban taɓa ganin zuciya irin taki ba."

"Kunnena ƙalau, ina ji. Ki kawo filon."

Ta kawo. A maimakonsa Yaya ta ba ta naɗaɗɗen tawul ta ce a sa ƙarƙashin dunduniya, gwiwa ta rataya a iska har nauyinta ya miƙar da ita. Matar ta karɓa da yatsu biyu kamar an miƙa mata mataccen ɓera.

Abin da matar ba ta gani ba, mai shara ta gani. Ta ce duk ranar da aka yi wa mai tayil gashi, in an fitar da shi yana share hawaye da gefen riga, Yaya kan ja labule ta buɗe famfo ta tsaya. Hannun da minti ɗaya ya isa wankewa sai ta yi biyar tana riƙe da shi cikin ruwa. Manyan yatsunta biyu sun daɗe da karkacewa saboda danna gwiwoyin mutane. Murfin gorar ruwa ma mai shara ke buɗe mata. Babu wanda ya taɓa auna wannan, don asibiti ba shi da ma'auninsa.

Yaya, ke ce mai taɓa wurin da kowa ke kewayewa. Ke ce wadda ake shiga ɗakinta a kan keke a fito da ƙafa, a kuma canza hanya in an hango ki a kasuwa.

Ƙafar ta miƙe. Saura lanƙwasa, kuma a nan aka yi asara. 'Yan'uwan mai tayil suka zo dubiya, suka ji labarin ihun da yake yi, suka yanke hukunci, da ilimin da Allah Ya ba duk mai zuwa dubiya, cewa matar nan za ta warware ɗinkin likita. Suka ce ya huta. Ya huta mako biyu cif, ana kawo masa ruwan alwala har gado. Da ya dawo, gwiwar da aka bari a tamanin da biyar ta koma saba'in, ta yi tauri kamar ƙyauren da ya sha damina.

Yaya ba ta yi faɗa ba. Mai shara ta ce da ta yi faɗan da ya fi sauƙi. Ta dai dubi ma'auni ta daɗe, sannan ta ce, "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kwanta."

Daga nan sai hawa da rarrafe. Digiri biyu wannan mako, ɗaya na gaba, wani makon babu. Ya zage ta, ya ba ta haƙuri, ya sake zaginta. Wata rana ya ce mata in ya warke zai sa mata tayil a ɗaki kyauta, mai santsi, ya kuma zuba ruwan sabulu. Ta ce ta gode, ya fara durƙusawa tukuna. A wata na biyar suna ɗari da goma sha biyu. Yana tafiya ba sanda, maƙwabta na cewa ai ya warke. Shi ya san bai warke ba, don kayan aikinsa na ƙarƙashin gado, yana kuma sallah a kan kujera kamar tsoho.

A wannan watan takardar ritaya ta iso. Yaya ta hau ofis ta roƙi a bar ta wata uku, ko da a matsayin mai aikin sa kai, tana da gwiwa ɗaya da ba ta gama ba. Aka amsa mata a rubuce cewa ƙa'ida ba ta yarda ba, kuma hukumar asibiti ta damu ƙwarai da ta samu hutun da ta cancanta. Game da wanda zai gaje ta, an kafa kwamiti. Kafin kwamiti ya zauna, za a rufe ɗakin.

Ranar ƙarshe aka shirya mata ɗan taro a ofis ƙarfe goma sha ɗaya. Likitan tiyata ya yi jawabi mai kyau, ya kira ta ginshiƙi. An sayo mata agogon bango, domin matar da ba ta taɓa makara ba ta riƙa sanin lokaci yanzu da ba ta da inda za ta. Abin da ya ɗan rage wa taron armashi shi ne ginshiƙin bai halarta ba. Aka aika mai shara ta kira ta, ita ma ta je ta tsaya a bakin ƙofa ba ta dawo ba.

Mai tayil na kwance rub da ciki. Yaya na tsaye gefe, hannuwanta a bayanta. Matarsa ce riƙe da ƙafar.

"Hannu ɗaya a idon sawu, ɗaya ki danne cinya. Tura."

Matar ta tura kaɗan.

"Ba lallashi na ce ba. Tura har ki ji ta tsaya."

"Ta tsaya."

"Shi ne ya tsayar. Ita ba ta tsaya ba tukuna."

Matar ta ƙara. Mai tayil ya cije zanen gado.

"Maman yara, don girman Allah ya isa."

Matar ta waiwayo.

"Kada ki kalle ni," Yaya ta ce. "Gobe ba na nan. Riƙe a wurin ki ƙirga talatin."

Ta fara ƙirgawa. A goma sha biyu ya ce, "Ke ma? Shekara goma sha huɗu ban taɓa ɗaga miki murya ba, ke ma?" Hawayenta na ɗiga a bayan ƙaurinsa, amma hannun bai saki ba. Ta kai talatin. Ta sauke ƙafar a hankali, ta zame ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi.

Yaya ta jira ta numfasa. Sannan ta nuna mata yadda za ta gane ko ana ci gaba: ya zauna a kujera ya ja dunduniya baya, ta sa alama da alli a ƙasa, kowane mako ta ga ko alamar ta matsa. Sau uku a yini. Ko yana fushi, ko akwai baƙi, ko mahaifiyarsa ta sa baki.

"Baba, in na yi duk wannan, zai durƙusa?"

"Ban sani ba, 'yata. In kin yi, watakila. In ba ki yi ba, na sani."

Ta miƙa makulli, ta karɓi agogonta a hannun masinja, ta tafi gida a motar haya, agogon a cinya.

Yaya, mun gode. Godiyar ta zo a makare, kuma daga bakin da ba shi ya yi ihun ba, amma ki karɓa, don masu ihun sun warke sun yi nisa. Allah Ya ba hannuwanki sauƙin da kika hana gwiwoyinsu domin amfaninsu. Ga sauranmu masu zuwa dubiya da lemo da shawara: tausayi mai daɗi kowa ya iya shi, ba ya buƙatar horo. Wanda ke da majinyaci a gida ya koyi ɗayan, wanda ba a gode wa. Masu kwamiti kuma, in Allah Ya nufa sun zauna, ɗakin na nan bayan wurin wanki.

Har yau mai tayil bai durƙusa ba. Abin da aka sani shi ne, kullum da safe, da azahar, da la'asar, ana jin ihun namiji daga gidansa, ana jin muryar mace tana ƙirga. Maƙwabta sun fara magana. Sun ce matar nan da can mutuniyar kirki ce, yanzu ba ta da imani ko kaɗan. In maganar ta iso kunnenki, Yaya, ki kwantar da hankalinki. Aikin na tafiya daidai.