Wasan Mushe da Bafillatanin Bencinmu

A lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, ta wani ƙauye kusa da Tibiri, malamin ajin ƙarshe Ba'are ne kamar mu, mai barkwanci da babbar murya. Mushe muke ce masa, wato malam a bakin 'yan lakwal, daga Faransanci. Ni dai koyarwarsa ta karɓe ni, don bakina ba ya mutuwa. In ya tsokane ni na rama, a yi dariya, darasi kuma ya zauna mini daram.

Bencinmu ɗaya da wani yaron Fulani da ke tahowa daga ruga. Ya fi mu lissafi nesa ba kusa ba, amma akwai shi da kunya, ko muryarsa da ƙyar ake ji. To, tsakanin Arawa da Fulani akwai wasan taubasantaka tun kakanni, Mushe kuwa ya ga ya samu abokin wasa a cikin aji. Kullum da shi yake buɗe darasi.

"Ina bawana? Taho tablo, mu gani ko kan nan ya san wani abu ban da saniya."

Sai aji ya tuntsire. Jira Mushe yake yaron ya rama, don haka wasan yake. Shi kuwa ba zai iya mayar wa babba magana ba ko za a yanka shi. Sai ya tsaya gaban allo da alli a hannu, kai a sunkuye, lissafin da ya gama koya mini a waje ya gagare shi. Abin yana ci mini rai har yanzu.

Da jarrabawa ta matso, yaron ya daina zuwa. Mushe ya damu ƙwarai, ya goya ni a babur in nuna masa rugar. Muna isa ya kwaɗa sallama: "Ina bayina suka shige?" Uban yaron ya fito yana dariya, ya rama masa son ransa, aka kawo nono, suka yi ta caccakar juna. Yaron kuwa, da ya ji muryar, tuni ya kora shanu ya yi daji. Muka jira har rana ta karkata, bai dawo ba.

Muka kamo hanyar gida. Can Mushe ya tsayar da babur, ya juyo.

"Kai da ka san shi, gaya mini. Mi ni yi mishi? Duk ajin nan babu ɗiyan da nike so kama tai."