Ranar da Muka Zama Buhunan Hatsi

Na manta sunayen rabin yaran da na koyar, har takardar ritayata ban san inda na ajiye ta ba, amma ranar da aka gyara sitiyarin motar ƙauyenmu kam, da ita za a binne ni.

Lokacin babban fari ne, ina koyarwa a lakol ɗin wani ƙauye kusa da Cadakori. Damina biyu rumbunanmu ba su ga zangarniya ba. Sai labari ya zo ana rabon hatsin agaji a Gidan Rumji, kuma ƙauyen da bai kai abin ɗauka ba kafin a rufe buro, wato ofishin rabon, ran Alhamis, rabonsa ya zama na wasu. Mota ɗaya ce a garin, tsohuwar bashe, irin wadda Katsinawa ke kira a-kori-kura. Direbanta ya ƙara mata ƙarafan sifirin, ta ɗaga sama kamar raƙumi don kada cikinta ya riƙa jan rairayi. Tun daga nan ta daina jin magana. Ka nufi gabas da ita ta karkata kudu, tayoyin gaba suna cinyewa ta gefe guda, kuma ba mu da wasu.

Aka kira wani tsohon makaniki da yunwa ta koro daga Gazawa zuwa gidan ƴarsa. Ya shiga ƙarƙashin motar, ya sauya sandar ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, ya fito ya ce a ba shi karan gero. Ni kuwa na ruga aji na ɗauko babban ma'aunin allo. Shekaruna ashirin da ƴan kai, ina ganin duk abin da babu shi cikin littafi camfi ne.

Na auna tsakanin tayoyin, gaba da baya, na ce, "Baba, sun daidaita, a ɗaure."

Ya ce, "Malam, motar da ka auna ba ita za ta dawo daga Gidan Rumji ba. In buhuna suka danne ta, baya ya zauna, gaba ya ɗaga, tayoyin nan sai su buɗe baki. A ɗora mata nauyi tukuna."

Nauyin me, a garin da ko buhu ɗaya babu? Sai ya kafa karan a ƙasa, ya yi masa alama da farce inda bayan motar zai sauko, ya ce, "Maza goma sha biyu su hau, sun isa."

Muka hau: ni, liman, mahaucin da ya daina yanka, da wasu Fulani da shanunsu suka ƙare. Motar ko gezau. Mahauci ya ce, "Allah gafarta malam, rawaninka ya fi ka nauyi!" Liman ya ce, "Kai dai tun da nama ya ƙare ka koma tsinken tsire." Aka tuntsire da dariya, aka ƙaro mutum biyar. Ba ta kai alamar ba. Aka ƙaro wasu, har mata da goyonsu. Sai dariyar ta mutu da kanta, kowa ya sunkuyar da kai, don a ranar ne muka ga abin da farin ya rage na jikinmu. Mun kusa ninka adadin da tsohon ya faɗa kafin motar ta zauna.

Tsohon ya duba alamar da ke jikin karan. Ya koma ƙarƙashi, ya murɗa ƙarfen kaɗan, ya gwada da kara, ya sake murɗawa, mu kuma muna tsaye a matse, kafaɗa da kafaɗa. Ban ƙara jin na zama ɗan gari kamar ranar nan ba.

Ran Alhamis kafin la'asar motar ta shigo da hatsi, tana tafe sak kamar an ja mata layi.

Daga ranar na daina yanke hukunci a kan mota, ko ɗalibi, ko aboki, sai na ga yadda yake tafiya da kaya a bisa kansa.