Tsagar da Na Toshe

Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Iya Ladi, ba ta yin tatsuniya hannu sake. Da magariba a Adogi takan zauna bakin murhu tana ɓare agushi, mu kuma mu kewaye ta, rabi don labari, rabi don doyar da ke cikin toka. Bagwandariya ce, Hausarta ta kasuwa, kuma ba ta dogon buɗi. Sai dai ta ce, "Ku matso, wani ya zo."

Akwai wadda ta yi mana ta wani mutum mai tsabtar tsiya, wanda ba ya iya ganin rami ya wuce. A gidajenmu in za a kafa randa, gurbi ake tona mata a zuba yashi kewaye. Shi kuwa ya ce yashin nan ƙazanta ne, ya kwaɓa laka ya manne randarsa da bango ƙam. Rani ya yi, bango ya ja, randa ta ja, ta tsage daga wuya har gindi.

"Randa ya ce masa, kai, ni ma ina numfashi," in ji Iya. "Bai ji ba. Shi ke nan, ƙishi ya koya masa." Muka yi dariya, ni na fi kowa.

Na girma na zama birkila a Lafiya. Wata shekara aka ba mu aikin tankin ruwa na kankare a wani ƙauye bayan Ashige, inda mata ke doguwar tafiya zuwa rafi da rani. Injiniyar aikin ta sa a bar tsaga tsakanin bango da daɓe, da roba a ciki, a rufe bakinta da kwalta mai laushi. Ta ce kankare na miƙewa da zafi, ya tsuke da sanyi, tsagar ce wurin motsinsa. Na ji ta sarai.

Ranar da ba ta zo ba, mai unguwa ya leƙa ya ce, "Malam, tankin ruwa da rami? Ashe ba ku gama ba." Kunya ta kama ni. Na kwaɓa siminti mai ƙarfi na cike tsagar, na goge ta sumul, aka yaba mini.

Tankin ya riƙe ruwa damina guda. Da zafi ya kankama, bangon ya tsage kusa da inda na toshe, abin da aka tara ya tsiyaye ƙasa.

A da ina zaton mutumin Iya wawa ne. Yanzu ina ganin ya san amfanin yashin, kamar yadda na san amfanin tsagar, sai dai barin aiki ya yi kamar bai ƙare ba a idon mutane ne ya gagare shi. Ranar da na koma da guduma in fasa simintina, na haɗu da matan ƙauyen a hanyar rafi, jarkoki a ka. Wata tsohuwa ta kauce ta ba ni hanya, ta ce, "Sannu da aiki, birkila."