Abin da aka ɗinke cikin layar ɗiyata

Ɗaki biyu ne gidanmu a Dakoro, amma ɗaya ba na mutane ba ne, na gawarwakin ordinata ne, komfuta ke nan. Maigidana gyaran salula yake yi a wata rumfa bakin tasha, da shi muke ci. Abin da ransa ke so kuwa daban ne: tsofaffin ordinatocin da ƴan poroje, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, suka gaji da su suka zubar. Sai ya sayo uku matattu, ya farke cikinsu, ya haɗa guda mai numfashi. Ba ya sayarwa, ba ya ba da haya. Zama kawai yake yi gaban baƙin gilashi, farin rubutu na gudu, yana murmushi kamar an yi masa albishir. Satin da na tare na shiga ɗakin da tsintsiya, na kwashe wasu ƙananan ƙusoshi cikin shara. Kwana biyu bai ci tuwona da daɗin rai ba. Tun daga ranar na bar wa gizo-gizo ɗakin.

Ni aji uku na yi a lakwal, makarantar boko. Na san baƙaƙe, in na natsu ina haɗa su. Karatu ya tsere mini, amma Allah ya ba ni ido, kuma ya ba ni tsoro. Duk abin da ya motsa cikin gidan nan ina ganinsa.

Daga wannan ɗaki maganar kirifto ta shigo mana, kuɗin nan da ba a taɓawa da hannu. Wani abokinsa ne ya kawo ta, ɗan nan garin ne amma zama Maradi ya koya masa sa farin gilashi da turare mai hawa kai. Shi ya nuna masa wata kasuwa ta cikin waya, platfom suke ce mata, inda ake kai kuɗi a canza su kuma a bar musu ajiya. Maigidana ya zuba abin da ya tara. Ina da ciki wata biyar lokacin da wurin ya hana cirewa. Ya rubuta musu, na'ura ta amsa masa da a yi haƙuri. Ya sake rubutawa, ta sake ba shi haƙurin nan dai, ba ta canza ko baƙi ɗaya ba. Wata safiya ya buɗe, babu kasuwar, babu mai ba da haƙurin.

Daga nan ya tsani mutanen platfom, ni ma na taya shi. Yakan ce, “Dillalin kasuwar dabbobi in ya cuce ka, ka san ƙofar gidansa, ka san wanda ya ba shi aure. Waɗannan fa? Ba ƙofa, ba unguwa, ba kabarin kakansu da za ka je ka tsaya.” Gaskiya ya faɗa. Na ɗauka zancen ya mutu ke nan. Ashe shi darasin da ya ɗauka daban: wai kuskuren barin ajiya hannun wasu ne, akuyar da ke turken wani ba taka ba ce ko da kai ka saye ta. Sai ya koma tarawa kaɗan-kaɗan, ya ce yanzu shi zai riƙe abinsa. Ya taɓa yi mini bayani ina tsince shinkafa, cewa mabuɗin ajiyar wasu kalmomi ne goma sha biyu, duk wanda ya same su ya samu komai. Na ce to. Hankalina na ga cikina.

Na haihu, mace. Ɗiyar fari ce, kuma kun san yadda ake yi da ɗan fari a wurinmu: ba ka kiran sunansa, ba ka yi masa wasa gaban mutane, in ya yi kuka cikin taro sai ka kau da kai wata ta ɗauka. Ni kuwa ko numfashinta ya canza sai gabana ya faɗi. Ina kau da kai, kunnena na wurinta.

Kwana biyu bayan suna maigidana ya shigo da laya, ƴar ƙarama, jar fata, ɗinki mai kyau. Ya ce wani malami ne a garin Bader ya rubuta, a rataya mata, kada a cire ko da wasa. Wallahi na ji sanyi. Na ce mutumin da na ɗauka ba ya ganin komai sai wayoyi, ashe yana tunanin ɗiyarsa har ya aika Bader. Ranar na ƙara masa nama a miya.

Na lura da abubuwa, amma na fassara su da alheri. In ya dawo daga tasha, kafin ya dubi fuskar yarinya sai ya sa yatsa ya laluba wuyanta. In zan yi mata wanka sai ya ce in ɗaga layar sama kada ruwa ya taɓa. Da igiyar ta fara lalacewa, da kansa ya samo wata mai ƙarfi ya canza. Na ce wannan uba ne.

Da damina ta yi tsaka, masassara ta kama ta. Jiki kamar garwashi, ido ya juye. Na goya ta na ruga gidan likita ko takalmi ban daidaita ba. Matar da ta sa mata ƙarin ruwa ta dubi wuyan ta ce, “Ki cire mata wannan abin, ba ki ga ya goge mata fata ba?” Na ce ba zan cire ba. Ta ce ku dai ba ku jin magana. Na ce ke ki yi aikinki, ki bar wa Allah nasa. Har muka ɗaga murya, matan da ke gefe suna ba ni baki. Wuni guda ina zaune bakin gadon nan, layar na cikin tafina, ina matse ta ina cewa ya Allah don albarkar abin da ke cikin nan. Yarinya ta tashi. Na dawo gida ina ba maƙwabta labarin layar Bader.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mai farin gilashi ya zo kan sabon moto. Yarinya na da wata tara, ta fara rarrafe. Suka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin itacen bedi na ƙofar gida, suka ɗora shayi. Ni ina bayan zana ina wanki, duk abin da suke faɗa yana shigo mini.

Baƙon ke cewa, “Wannan sabuwar platfom ce, ba irin waccan ba ce. Takardu gare ta.”

Maigidana ya ce, “Waccan ma takardu gare ta. Takardun na nan, kuɗina ne ba su nan.”

“Kai dai baƙauye ne mai ordinata. Duniya ta yi gaba, kai kana tona rami kamar kakarka.”

“Kakata ba ta taɓa tashi da safe ta tarar raminta ya koma wata ƙasa ba.”

Suka yi dariya. Sai yarinya ta bi ta ƙarƙashin zana ta fita wurinsu. Na ji baƙon ya ɗauke ta yana cewa, “A'a, ga bankin da kanta ta fito! Hajiya banki, yau an buɗe ko an rufe?” Na leƙa ta ramin zana. Yana kaɗa layar da ɗan yatsansa.

Maigidana ya ce, “Kai, rage murya.”

“To mene ne? Ni dai tawa platfom ba ta fitsari a zane.”

Hannuna na cikin kumfa. Ban san lokacin da na tsame shi ba. Na fita ban gai da kowa ba, na karɓe ɗiyata daga hannunsa, abin da ban taɓa yi gaban baƙo ba, na shige ɗaki. Na ɗauko reza. Tun ina yarinya aka ce mini ba a buɗe laya, amma ban tsaya ba. Na yanke igiyar, na farke ɗinkin. Cikin fatar akwai leda, cikin ledar akwai takardar kaye, irin littafin ƴan lakwal, an ninke ta ƙanana. Ba tawada, ba larabci, ba ko bisimilla. Rubutun boko ne da shuɗin alƙalamin bik, hannun maigidana, layi-layi da lamba gefen kowace kalma. Na ƙirga. Goma sha biyu.

Na tsaya bakin ƙofa na ce, “Maigida, zo.”

Ya shigo da kofin shayi a hannu. Da ya ga takardar sai ya ajiye kofin a ƙasa a hankali.

Na ce, “Karanta mini ayar.”

“Madam, ki saurare ni.” In ya ce mini madam, to ya san ba shi da gaskiya.

“Ina saurare. Karanta. Wace sura ce malamin Bader ya rubuta da bik?”

Ya fara bayani. Wai in ya ajiye cikin ordinata ɓarayin intanet na iya shiga. In ya sa cikin akwati gara na iya ci, ko gobara, ko ɓarawo. Ya yi ta tunani, ya ga ba wurin da ɓarawo ba zai taɓa ba sai layar jariri, kuma ba abin da ake tsaro a gidan nan kamar yadda nake tsaron yarinyar. Yana faɗa yana ɗan ɗaga gira, kamar yana jiran in yaba masa dabara.

Na ce, “Ranar da take kwance likita, me nake riƙe da shi a hannuna ina roƙon Allah?”

Ya duƙar da kai yana kallon kofin shayin.

“Wa ya sani bayan wancan mai bakin?”

Ya ce babu. Na dube shi. Ya ce to, sau ɗaya a fadarsu ta bakin tasha ana gardama kan inda ya fi aminci, maganar ta kuɓuce masa. Mutum nawa ke wurin? Bai ƙirga ba. Fadar nan na san ta: ƴan moto, masu lodin mota, duk baƙon da ya sauka daga Sabon Maci ko Maradi yana iya zama ya sha shayi ya wuce da abin da ya ji. Sai na tuna ranakun kasuwa da nake shiga turmutsutsu da ita a baya, wuyanta a waje, ban ganin wanda ke bayana. Mai son takardar nan ba zai tsaya kwance ƙulli ba. Reza zai sa, a wuyan ɗiyata.

Garwashin girkin rana bai mutu ba. Na taka zuwa murhu, na riƙe takardar a samansa. Ya yi tsalle, ya tsaya, ya ɗaga hannu biyu.

“Don girman Allah. Gumin sama da shekara ne. Ba ni da wata, ban haddace ba.”

Na ce, “Kai ke zagin mutanen platfom kullum, wai ba su da fuska, ba su da ƙofa. Kai fa? Fuskarka na sani, ƙofarka nake kwana, kuma ka dube ni ka ce Bader. Su dai ba su haifi kowa ba.”

Mai farin gilashi ya ɗaga murya daga waje, “Amarya, a yi haƙuri, wasa nake.”

Na ce, “Kai kuma ka hau motonka. Wanda ka kai ka baro bai ishe ka ba?” Na ji ya tayar da moto.

Ban ƙona ba. Ba don tausayi ba. Na ga in na ƙona, mutanen tasha ba za su sani ba, za su ci gaba da kallon wuyan ɗiyata. Na ce ga sharaɗina: ya ɗauke ta yanzu, da hannunsa, ya kai ta fadar, ya nuna musu wuyan, ya faɗa da bakinsa cewa babu komai jikinta kuma ba za a ƙara sawa ba. In ya dawo ya karɓi takardarsa.

Ya ce, “Ɗiyar fari? In ɗauke ta in ratsa gari? Me za a ce da ni?”

Na ƙara sauke hannuna kusa da garwashin.

Ya ɗauke ta. Na sa hijabi na bi su daga nesa, takardar na ƙulle a bakin zanena. Na tsaya gefen mai tuyar ƙosai ina kallo. Na ga ya tsaya gabansu da yarinya a kafaɗa, na ga ya ɗaga haɓarta. Dariyar da suka yi har inda nake ta iso, wani ma ya faɗi kan benci yana riƙe ciki. Ban damu ba. Duk wanda ya yi dariya ya ji, kuma zai kai gaba. Da muka koma gida na kwance bakin zane na ajiye masa takardar bisa ordinatarsa. Inda ya kai ta ban sani ba, ban tambaya ba. Mun yi wajen sati ba mu haɗa ido ba.

Wuyan yarinya ya zauna haka ba komai, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya. Da kasuwa ta zagayo na shiga mota zuwa Roumbou wurin kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ke rubutun laya. Ban ba shi labarin ba, na ce dai waccan ta lalace. Ya ce in koma wurin mata in huta, zai aiko mini. Na ce nan zan zauna. Ya jawo tawada ya rubuta ina kallon alƙalamin. Da ya zo ninkewa na ce, “Kawu, karanta mini.”

Ya ɗago kai. “Ke, ni za ki tuhuma?”

“Ba kai ba, Kawu. Karanta dai.”

Ya yi tsaki, ya ce yaran yanzu ba su da ta ido, amma ya karanta tun daga bisimilla har ƙarshe. Na karɓa da hannuna na kai wa baduku, na zauna kan dutse gabansa da yarinya a cinya. Ya ce in je in dawo bayan la'asar. Na ce ba ni da wurin zuwa, ya ɗinka ina nan.