Akwatin Rabon Ruwa na Lambun Kawu

Na daɗe da yarda cewa ana gane tarbiyyar mutum a yadda yake raba hanya idan ta yi rassa da yawa. A harshen kwamfuta na C, wanda na koya a jami'a kafin a turo ni Madawa koyar da lissafi, hanyoyin biyu ne. Ko ka kafa tsanin if da else if, kana yi wa na'ura tambaya bayan tambaya har ta samu wadda ta dace, ko ka ɗauki switch, ka ba ta lamba guda, ta tafi kai tsaye ƙofar da ke ɗauke da lambar. Ni ɗan switch ne, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

Kawuna yana noman albasa a fadama wajen Azarori. Su bakwai ne a kan foraj guda, wato rijiyar burtsatse, mai aiki da hasken rana, kowa da ranarsa ta ruwa. Mutum bakwai, kwana bakwai: tun da nake ban ga matsalar da ta zo a shirye haka ba. Ni da malamar fizik ta makarantarmu muka haɗa musu ɗan akwati mai buɗe robine, wato kan famfo, da kansa. Ita ta yi wayoyi, ni na yi rubutu.

Mako uku muka yi muna gardama a ɗakin malamai. Ta ce a sa if, don lambu ba jadawalin aji ba ne, wata rana wani sharaɗi zai ɓullo. Na ce tsanin if rubutun mai shakka ne, na nuna mata layukana bakwai a jere kamar ɗalibai gaban tuta, kowane da break ɗinsa mai rufe shi.

"Malam, kyau kake nema ko ruwa?" in ji ta.

Na ce a aikin kirki ba a raba su. Ta gaji ta bar ni. Muka kafa akwatin, na kulle shi, na dawo gari da makullin a aljihu.

Bayan wata guda, ranar wata Alhamis, kawu ya kira ni a gaisa. Cikin hira ya ce ya yi dashe tun Litinin. Ranar ruwansa Asabar ce. Sai da na ajiye waya abin da na sani tun ina ƙarami ya faɗo mini: a fadamar nan duk wanda ya yi dashe, sauran suna sakar masa ruwa kwana uku, ko ranar wa ce. Ba a roƙo, ba a sanarwa. Akwatina kuwa sunan rana kaɗai ya sani. Kwana huɗu ke nan irin da tsohon ya yi wata biyu yana reno yana tsaye a busasshiyar ƙasa, da izinina.

Na bar aji da aikin da ban duba ba, na samu malamar. Ba ta ce ai ta faɗa mini ba, wanda ya fi zafi. Muka rushe layukana bakwai, muka sa tambaya a sama: in akwai mai sabon dashe, shi ne farko. Da hannuna na rubuta if ɗin. Na saɓa ordinatar, wato kwamfutata, na hau moto, duk hanya ina shirya kalmomin ban haƙuri.

Na tarar da fangalin kawu jiƙe sharkaf, dashen ya miƙe kore shar. Shi yana zaune gindin mangwaro da maƙwabcinsa.

"Ɗan lekol, lahiya da rana tsaka?" in ji kawu, da sunan ɗan boko da yake kirana.

Na ce na zo gyaran akwati, saboda dashe.

"Wane akwati? A'a, wancan." Ya dubi maƙwabcin. "Ai yana da kyau. Ba mu so ka ji ba daɗi, shi ya sa ba mu hwaɗi ba."

Maƙwabcin ya ce na'urar ba ta san mutane ba, amma ba laifinta ba ne, baƙuwa ce.

Na zaga bayan foraj. Akwatin na nan a kulle, fitilarsa na ƙyaftawa, yana ta raba kwanaki yadda na koya masa. Wayar da ke zuwa robine an cire ta, an naɗe ta da kyau an rataye a ƙusa tun Talatar farko da kafa shi.