Wasan da Ruwa Ya Katse

A unguwar da ke gindin dutse a Dogon Dutsi babu wanda bai san Hasiya mai tabarma ba, kuma babu wanda zai ce maka ya taɓa shan ruwan randarta. Mace ce siririya, ta haura hamsin, ba ta da yawan magana. Kaba take saƙawa, ranar kasuwa ta ɗauka ta kai layin baƙi, don 'yan unguwa ba sa sayen abin da hannunta ya taɓa. In ta biyo lungu, uwaye sai su janye 'ya'yansu cikin gida, har da masu tofa addu'a a ɓoye. Mayya suke ce mata, shekara arba'in ke nan.

Amma kullum da hantsi takan daka gero ta dama fura ƙwarya guda, ta rufe da faifai. Mutum ɗaya take dama wa, ɗanta Abdul'aziz, mai shagon wayoyi a bakin tasha. Yakan kafe babur ɗinsa a ƙofar gidan, ya ƙi shiga ciki, ya zauna kan dakali inda kowa zai gan shi, ya kafa kai ya shanye, har ya lashe ludayi. Litinin da Alhamis kaɗai ba ya sha, don yana azumin nafila. Wannan ƙwaryar ita ce abin da ya rage wa Hasiya a duniya. Muddin Abdul'aziz yana sha, to akwai mutum guda a garin da ya yarda ita mutum ce kamar kowa.

Kuma abin haushin, daga wasa aka fara. Wallahi wasa, na yara.

A lokacin tana da shekara goma sha biyu, zamanin da kowace unguwa ke da samariyarta, wato ƙungiyar samari da 'yan mata. Tasu tana taruwa a wata rumfar zana ƙarƙashin tsamiya. Kai, Hasiya ta ji daɗin wannan rumfa! Su ke share hanya, su ke jidar tubali in za a gina aji a lakwal, wato makarantar boko, su ke fita gayya gonar tsohon da ba shi da mai taimako, a dawo da yamma ana kiɗa ana guɗa, ƙafa duk taɓo. Sarkin samarinsu wani tela ne, Mani, mai gajeren haƙuri da son a yabe shi. Shi ya lura yarinyar nan ta iya kwaikwayo. Ta kwaikwayi tafiyar mai unguwa, ta kwaikwayi mushe, malamin lakwal, yana tsawa da Faransanci, yara su yi ta birgima a ƙasa don dariya. Har yanzu in tana saƙa, wani lokaci takan ji bakinta yana bin waƙar gayyar nan ba ta sani ba.

Wata shekara aka ce unguwanni za su yi gasar wasan kwaikwayo. Mani ya ƙwallafa rai sai ya ci. Ya shirya wasa mai ma'ana, Allah ya sani: yaro ya kwanta da zazzaɓi, cikin zafin ciwo yana ganin wata tsohuwar maƙwabciya ta zo kama masa kurwa, yana kiran sunanta, jama'a su taso mata da sanduna. A ƙarshe sai majo, babban malamin likita, ya shigo da farar riga, ya duba yaron, ya ce ciwo ne ba maita ba, ya yi masa allura ya tashi, kowa ya durƙusa ya roƙi tsohuwa gafara. Hasiya aka sa ta fito a tsohuwar. Yaron kuma Rabilu, ɗan maƙwabtansu, abokin wasanta tun suna tsirara.

Sai dai yaran sun kasa riƙe sunayen wasan. A ce Rabilu ya kira tsohuwa da sunan da aka raɗa mata, sai ya manta ya ce Hasiya. Ranar nan Mani ya fusata, ya jefar da takardar hannunsa.

"To, kowa shi tsaya da sunan da ubanshi ya yanka mishi rago! Ni na gaji."

Wata guda cur Rabilu yana kwance kan tabarma a rumfar nan, yana karkarwar ƙarya, yana ihu: "Hasiya, sake ni! Hasiya, mi na yi miki?" Ita kuma da toka a fuska da zanen uwarta a ka, tana kewaya shi da ɗan gora a hannu, tana wata irin dariya da ta ƙirƙiro da kanta. In sun gama sai su tafi tare su ci kopto, kwaɗon ganye, a kwano ɗaya.

Ranar da za su gwada wa unguwa kafin gasar, bayan la'asar ne, filin ya cika maƙil. Hasiya ta zage. Da ta yi dariyar nan, wata mata ta saki ɗanta ta yi salati, yara suka ruga bayan uwayensu. Mani yana gefe yana washe baki. Ana daidai wurin da jama'a suka taso wa tsohuwa, yaron da zai fito a majo yana bayan zana yana ɗaura farar riga, sai hadarin farkon damina ya taso daga gabas. Iska ta kwashe zanar, ruwa ya tsinke, kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya ga majo, ba wanda ya ji an roƙi gafara. Abin da unguwa ta tafi gida da shi, yarinya mai toka a fuska tana dariya a kan yaro.

Kwana shida bayan haka Rabilu ya kwanta da gaske. Wuyansa ya sanƙare, jikinsa ya yi zafi rau, hankalinsa ya gushe. To me yaro zai faɗa cikin magagin ciwo in ba abin da ya yi wata guda yana haddacewa ba? Ta kan katanga Hasiya take jin muryarsa: "Hasiya, sake ni!"

Mata suka cika gidan su Hasiya. Suka ce a fito da ita ta tsallake shi sau uku, don haka ake sa mayya ta saki kurwar da ta kama. Uwarta Sahura ta tsaya a bakin ɗaki da taɓarya a hannu.

"Ɗiyata ba mayya ba ce. Wanda ya isa shi shigo."

Ba wanda ya shiga. Washegari da azahar Rabilu ya cika. Aka ce da ta tsallake da ya rayu. Aka tuna cewa Sahura baƙuwa ce daga wani ƙauye can wajen Tibiri, wa ya san asalinsu? Wasu yara uku ma sun mutu da ciwon nan a wasu unguwanni a watan, amma su ba su kira sunan kowa ba, saboda haka ba a lissafa da su.

Hasiya ta je shagon Mani tana kuka, ta durƙusa gaban kekensa.

"Yaya Mani, don Allah mu ƙarasa wasan. Ko wurin majo kaɗai. Su gani."

Bai ɗago daga ɗinkinsa ba. Ya ce ta bari hankalin mutane ya kwanta tukuna. Matsoraci! Kalma biyu zai faɗa a ƙofar masallaci, cewa shi ya shirya, shi ya ce a yi da sunayensu, amma ya ji tsoron kada a shafa masa. Bayan girbi ya tattara kekensa ya tafi Kwatano, bai sake dawowa ba. Sauran yaran samariya uwayensu suka hana su ko gaishe ta. Rumfar ta ci gaba da cika da yamma, ana kiɗa, tana ji daga gida.

Haka ta girma. Ta gwada sayar da ƙosai, ya kwana a tire. Wanda ya aure ta wani mai amalanke ne daga Dogon Kiriya, Marwa, mutum mai taurin kai da ya ce shi bai ga kurwar kowa a hannunta ba. Allah ya ba su ɗa guda, sannan Marwa ya rasu yaron yana da shekara tara, aka ce shi ma ita ta cinye. Abdul'aziz ya tashi da tabon faɗa a goshi, don duk wanda ya ce masa ɗan mayya sai sun kai ƙasa. Da ya girma ya shiga karatun addini wurin matasan malamai, ya daina dambe ya koma hujja. Ya sha tsayawa a gaban mutane yana cewa zargin maita zalunci ne, wanda ya yi zai amsa a gaban Allah. Da ya yi aure matarsa Bushira ta ce ba za ta zauna gida ɗaya da surukarta ba, ya kama haya. Amma furar safe bai taɓa fashi ba.

Bara, cikin bazara, 'yarsa Hidaya mai shekara huɗu ta kwanta. An kai ta likita, an yi mata allura, an ce a dawo kullum. Kwana uku zazzaɓin bai sauka ba. Yarinyar kuwa tana son kakarta, don Abdul'aziz yakan ɗauko ta a babur wani lokaci. Cikin zafin ciwo ta yi ta kiran "Kaka, Kaka." Dangin Bushira suka kalli juna.

Da hantsin rana ta huɗu Hasiya ta ji babur. Ta ɗauko ƙwarya ta fito. Ya shigo har tsakar gida, abin da ba ya yi, ya tsuguna, idonsa jajir, yana kallon ƙasa.

"Inna."

"Yaya jikin Hidaya?"

"Da sauƙi za a ce." Ya murza makullin babur. "Inna, kin san ni ban yarda da wannan magana ba. Kin sani. Amma sun matsa mini. Don a rufe bakinsu kawai. Ki zo ki tsallake ta."

Hasiya ta ajiye ƙwaryar a hankali don kada ta zube. Ta tuna uwarta da taɓarya a bakin ɗaki, ta tuna abin da ya biyo baya. In ta ƙi, yarinyar ta mutu, ɗanta zai rayu yana tambayar kansa. In ta yarda, ta amsa da ƙafarta abin da ta yi shekara arba'in tana musantawa. Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin, ta ji tana son ta mare shi, ta kuma ji tausayinsa ya kama ta.

"Abdul'aziz, dube ni. Don bakinsu ne, ko don zuciyarka?"

Bai dube ta ba. Ya ce, "Inna, ita kaɗai gare ni."

Ta yafa mayafinta ta hau bayan babur. Gidan cike da mata, suka dare mata hanya. Hidaya na kwance kan tabarma, tabarmar ma ita ta saƙa ta. Ta tattare zanenta ta tsallake jikarta sau uku. Ba wanda ya ce mata sannu. Ta ƙi hawa babur, ta dawo da ƙafa cikin rana, maganar majo ta wasan nan tana yi mata yawo a ka, don har yau ba ta manta ko kalma ɗaya ba: ciwo ne, jama'a, ciwo ne, ku roƙi baiwar Allah gafara.

Allura ta yi aikinta. Kwana biyu zazzaɓi ya sauka, Hidaya ta tashi ta nemi abinci. Hasiya ta yi sujada ta gode wa Allah da gaske. Unguwa kuma ta samu shaidar da ta daɗe tana nema: ta tsallake, ta saki.

Mako guda ba ta ji babur ba. Kullum ta dama, kullum ta zuba wa akuya da yamma. Rana ta takwas sai ga shi. Ya kafe babur, ya gaishe ta da ladabi, ya ajiye mata ledar goro da sabulu, ya ce Hidaya har tana wasa a waje. Hasiya ta shiga da sauri ta ɗauko ƙwaryar, ta ƙara nono, ta buɗe faifai, ta miƙa masa da hannu biyu.

Ya dubi furar. Ya dubi hannunta.

"Yau ina azumi, Inna."

"To," ta ce. "Allah shi karɓa."

Ta tsaya a ƙofa da ƙwaryar a hannu har ƙarar babur ɗin ta ɓace. Ranar kuwa Talata ce.